Guɗar Ƙaltume a Bakin Fatalwa

Shekara arba'in Hajiya Ƙaltume tana rangaɗa guɗa a bukukuwan Hausawan Madina. Ko a garin Yanbu za a kai amarya, mota ake aiko mata har unguwarsu, Anbariyya. Ba ta yi boko ba, amma in ta kama hanci ta saki murya, har maza a nasu zauren sai sun yi tsit.

Saura kwana tara bikin Sundus, sai ga uwar amarya, Asma, tana murza gefen abaya.

"Hajiya, wannan karon ki huta mana."

"Na ce miki na gaji ne?"

Asma ta miƙa mata waya. Fim ne. Walid, jikan Ƙaltume da ke karatu a Gilasgo, shi da abokansa Turawan Sikotilan suka haɗa shi da 'yan canjin aljihunsu, wai na ban tsoro da ban dariya. Wani kango ne a kan tudu, ga ruwan sama, ga tumaki. Fatalwar kuwa ƙato ne aka lulluɓe da labule, takalmin ƙwallonsa na leƙowa. Jinin ma ko makaho ya san tumatirin gwangwani ne. Fatalwa ta wage baki, sai Ƙaltume ta ji muryarta. Guɗarta ce, wadda ta yi ranar auren yayar Walid!

"'Yanmata sun gane ki," in ji Asma. "Tura wa juna suke suna ƙyalƙyala dariya. Sundus na tsoron kina farawa zauren ya kwashe."

Ƙaltume ta ajiye wayar. "Ki bar min wurina. Zan zo."

Walid yana gida hutu. Ta same shi yana shan shayi, ya miƙe ƙafa.

"Kai, ɗan nema! Guɗata ka ba gawa?"

"Ya sitti, ma'alesh," ya ce, wato kaka, yi haƙuri. Hausa yake ji, amma rabin amsarsa Larabci ne. "Turawan sun so ta wallahi. Sun ce ba su taɓa jin abin tsoro kamarta ba."

"Abin tsoro? Da ita aka tarbe ka ranar sunanka! Ita ta raka uwarka ɗaki! Guɗa ta amarya ce da mai jego. Ka cire ta."

"In na cire, fatalwa ba ta da murya. Ba mu da halin ɗaukar wani. Kuma khalas, magana ta ƙare, kowa ya riga ya gani."

Gaskiya ya faɗa. Ko an goge, 'yanmatan ba za su manta ba. Sai dai a ba su abin da ya fi shi ban dariya.

Washegari da hantsi ta kira shi da murya mai daɗi. "Angona, ɗauko na'urarka. Tunda ihu kuke so, zan ba ka na gaske, ka maye gurbin waccan."

Da rawar jiki ya kafa makirfo a falo, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, ya juya mata baya yana daidaita sauti. Ita ta goya Walid, ta san abin da ko uwarsa ta manta. Ta buɗe kwalin dabinon da ke cinyarta, ta ɗago tsakar da ta kama a bangon kicin, ta sake ta cikin wuyan jallabiyarsa.

Ihun da ya yi, sai da mai shagon ƙasa ya hauro da sanda. Siriri ne, dogo, ya karye a tsakiya, ya ƙare da kiran uwa: "Ummi! Ummi!"

"Ta ɗauka?" ta tambaya.

Na'ura ta ɗauka tsaf.

Ta tsaya a kansa har ya tura ihun ga wani abokinsa mai jan gashi, wanda ya shirya fim ɗin. Baturen ya kira shi ta bidiyo yana share hawayen dariya, ya ce wannan ya fi dacewa da fatalwa mai takalmin ƙwallo. Ƙaltume ta ce Walid ya fassara masa: in ya sake taɓa muryarta, Gilasgo ba ta yi mata nisa ba.

Kafin Juma'a sabon yankin fim ɗin, da ihun Walid a bakin fatalwa, ya zaga wayoyin Anbariyya. Walid ya daina zuwa shago da rana, don ko ina ya gitta sai ya ji "Ummi! Ummi!"

Ranar biki Sundus ta shigo zaure, 'yanmata sun ɗaga wayoyi. Ƙaltume ta miƙe ba tare da ta kalli Asma ba, ta gyara mayafi, ta kama hanci. Guɗar ta tashi ta cika zauren, ta daɗe ba ta sauka ba. Ba wadda ta yi dariya. Asma ce ma ta fashe da kuka, ta matso ta ce, "Hajiya, ƙara ɗaya."

Ta ƙara uku.