Jijiyar Iman

Saura kwana ɗaya a rufe horon gwajin jini, Shamsiyya tana da sauran abu guda da ba ta yi ba: ɗiban jini daga jijiyar ƙaramin yaro a gaban malaminsu. Idan ba ta yi ba, babu shaidar kammalawa, sai ta sake bin sabon rukuni. Ita kuwa ta gaji da fitowa daga unguwar Mayo da asuba, ta bar ɗanta Idirisu yana kuka a bayan kakarsa, ta sauya mota a kasuwar Suk al-Arabi, ta haye gada zuwa wannan ƙaramin asibiti na Umdurman.

Su uku suka rage a ɗakin gwajin jini: ita da Tariq da Hiba. Malamin nasu, Ustaz Amjad, yana da tasa hanyar. Idan uwa ta shigo da jaka mai tsada da waya a hannu, shi da kansa yake ɗibar jinin. Idan kuwa ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran a ce ta shigo, sai ya ɗaga wa ɗalibai gira.

Yau ma ya ɗaga girar. Wata mata, Sabuwa, ta shigo da yarinya a kafaɗa, mayafinta ya koɗe. Yarinyar, Iman, ba ta fi sa'ar Idirisu ba, jikinta zafi rau, hannayenta sirara.

Tariq ya fara. Ya ɗaure roba, ya laluba, ya soka. Babu jini. Ya juya allurar a cikin nama, yarinyar ta tsala ihu.

"Ma'alesh," in ji Ustaz da Larabci, wato ba komai. "Hiba, ɗaya hannun."

Hiba ta soka. Wurin ya kumbura ya yi baƙi, sirinji bai ga ko ɗigo ba. Sabuwa ta danne 'yar tata a ƙirji, ta raɗa mata da Hausa, tana zaton babu mai ji:

"Yi shiru, uwata. Kin ga likita har uku aka ba mu. Kowanne da nasa awon."

Maganar ta daki Shamsiyya a ƙirji. Wato matar nan gani take karamci ake yi mata! Ta dubi abin da likita ya nema: awon zazzaɓin cizon sauro ne kawai, wanda ɗigo ɗaya daga yatsa ya ishe shi.

"Shamsiyya, bayan hannu," Ustaz ya ce da Larabci, yana miƙo mata sabuwar allura. "Ga damarki."

Jijiyar tana nan kuwa, siririya, ta gan ta. Tana ji a jikinta za ta same ta. Amma ta ajiye sirinjin a kan tire. Ta goge yatsar Iman da auduga, ta ɗan tsaga da ƙaramin tsinke, ta ɗiga jinin a kan gilashi ta shimfiɗa shi. Kafin yarinyar ta ja numfashin wani kukan an gama.

"Shi ke nan, yaya," ta ce da Hausa. "Wannan ne awon. Biyun farko koyo aka yi a kanta. Mu ba likitoci ba ne, ɗalibai ne."

Sabuwa ta zaro ido. Tariq, wanda yake tsintar Hausa a unguwarsu, ya sunkuyar da kai.

"Me kika ce mata?" Ustaz ya tambaya.

"Gaskiya, ya Ustaz."

"Ma sha Allah! Mun samu shugabar asibiti." Ya cire tabarau. "To gaya mini, a kan wa za ku koya? A kan lemo? Ran da aka kawo ɗanki jikinsa ya bushe da gudawa, hannun da ya ƙware za ki nema ko wanda ya ji tausayi?"

"Wanda ya ƙware. Amma a koya a kan yaron da jinin jijiyarsa ake buƙata, a kuma gaya wa uwarsa. Jiya an kawo ɗan wani mai gidan abinci, awon jijiya aka nema, ba ka kira kowa ba. Shi nasa naman daban ne?"

"Kawo naki ɗan gobe, tunda ba kya son na mutane."

"Wallahi ko farcensa ba za a taɓa ba!"

"Kin gani?"

"Na gani. Shi ya sa ban taɓa tata ba."

Hiba ta saki wata 'yar dariya ta tsoro, ta haɗiye ta. Sai Shamsiyya ta ji an ja mata rigar aiki ta baya. Sabuwa ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Don Allah ƙanwata, kada ki ja mana. In ya yi fushi ya hana mu sakamakon fa? Su sake sokawa, za ta jure."

Wannan ya fi komai ƙona mata rai. An kumbura wa mace hannun 'ya, ita ce kuma take neman a yi haƙuri da ita.

"Ba wanda zai hana ki. Zauna nan, ni zan sa wa gilashin jinin rinin awo, shi zai duba a gabanki."

Ustaz Amjad ya duba ɗin, fuska a murtuke. Zazzaɓin ne. Ya tura su wurin likita karɓar magani, har ya ce a sa wa kumburin ƙanƙara. Sannan ya juyo.

"Ke kuma ba ki wuce ba. Ki dawo tare da sabon rukuni, tun daga wankin kwalabe."

"To, ya Ustaz. Kuma duk uwar da ta shigo, zan gaya mata ko mu waye."

Ta wanke hannu, ta fita baranda inda masu jira suke fifita da kwali, ta kira mahaifiyarta a waya.

"Inna, ba gobe zan gama ba. A'a, lafiya ƙalau. Ki riƙe mini Idirisu zuwa wani lokaci. Zan faɗa miki in na zo, yanzu raina a ɓace yake."