Tsarabar Teku

Babayo mai gyaran waya ne a bakin Kasuwar Muda Lawal, kuma duk layin an san bakinsa ya fi hannunsa sauri. Amma akwai Juma'ar da bakin nan ya mutu murus.

Fakhruddeen ne ya ja. Ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, ma'aikaci da ke zaune a unguwar Ɗan Iya. Ya shirya kai iyalinsa Legas su ga teku a ƙarshen mako. Da ya zo sallama sai ya dafa kan Amatullah, 'yar Babayo mai shekara biyar, ya ce, "Ke ma ki shirya, da ke za a je. Ubanki ko Dam ɗin Gubi bai taɓa kai ki ba."

Yarinya ta ɗauka da gaske, uwarta ma haka. Aka yi kitso, aka sa lalle. Gari na wayewa ta hau dakalin ƙofar gida da ɗan bokitinta na roba, wai na ɗibar yashi. Har aka sauko daga masallacin Juma'a tana nan, duk keken da ya gifta sai ta miƙe. Su Fakhruddeen kuwa tuni sun yi nisa.

Ran Talata sai ga shi da tsaraba, gorar roba cike da ruwa. "Ungo, ga tekun na kawo miki har gida." Ta kurɓa, gishiri ya ɗaure mata baki, ta fashe da kuka. Shi kuwa dariya har da riƙe ciki.

Babayo ya kai ƙara wurin Kawu, mahaifin Fakhruddeen. Tsohon ko kashe rediyonsa bai yi ba. "Kai ma dai. Wasan taubasai ne, ba a fushi."

"Ni ne taubashin, Kawu, ba ita ba."

"To ta ci gado."

"Ba a fushi ko?"

"Ba a yi."

Babayo ya ce ya ji. Ya tafi da gorar shago ya ɗora ta kan kanta, kullum sai ya harare ta kafin ya fara aiki.

Ana nan sai Juwairiyya, matar Fakhruddeen, ta kawo wayarta gyara. Ya ce, "Hajiyar Legas, ya teku?"

"Wane teku? Igiyar ruwa ɗaya ya gani ya kwashe mu baya. Yara ko ƙafa ba su tsoma ba, ni kuma na wuni riƙon takalma. Gorar nan ma wani mai doki ya roƙa ya ɗebo masa."

Babayo ya ajiye wayar a hankali. "Asabar kina da biki?"

Ya aro bas a wurin abokinsa Andrawus, sannan ya kira Fakhruddeen. "Yallaɓai, Yankari za mu kai yara, ruwan ɗumin Wikki. Kai da ka ga teku ai kai za ka koya mana ninƙaya."

"Ƙauyawa," in ji Fakhruddeen. "Zan taimaka muku."

Asabar da ƙarfe bakwai bas ta tsaya a Ɗan Iya. Juwairiyya da 'ya'yanta biyu suka shige baya wurin Amatullah da uwarta. Fakhruddeen ya fito da gajeren wando da baƙin tabarau, ya ratayo tayar wankan yara a wuya. Kujerar gaba kuwa buhun masara ne zaune a kai.

"Kujerarka ce, yallaɓai. Bari in sauke wa Andrawus wannan a Muda Lawal in dawo. Kar ka motsa."

Bai motsa ba. Ƙarfe takwas ya kira. "Ga ni nan a Wunti," in ji Babayo, alhali sun bar gari. Ƙarfe tara, "Layin mai ne, ka ƙara haƙuri." Maƙwabta na wucewa suna yi wa gwiwoyinsa sannu. Ƙarfe sha ɗaya sai hoto ya shigo wayarsa: Amatullah cikin ruwa har ƙirji, tana kwara wa 'ya'yansa ruwa a ka da bokitin nan.

Bayan la'asar sakaliya suka dawo, kai tsaye gidan Kawu, don Babayo ya san can zai sami Fakhruddeen. Ga shi kuwa, ya sa dogon wando, yana ta kumfar baki.

"Baba, awa huɗu a titi. Ya kwashe min mata da 'ya'ya."

Kawu ya dubi yaran, idanu jajur da ruwa, sai dariya suke. Ya dubi Babayo.

"Kawu, me ka ce ran nan? Na ɗan manta."

Tsohon ya ƙara muryar rediyo. "Ba a fushi."

Babayo ya taɓa kafaɗar 'yarsa. Ta matso da gorar nan dai cike da ruwan Wikki, ta miƙa wa Fakhruddeen da hannu biyu kamar yadda aka koya mata.

"Baba Fakhru, ga tsarabarka. Ni na ɗebo da kaina. Ka sha, wannan babu gishiri."