Kumfar da ta ƙi zama

Bahago ne ya kai ni intabiyun a kan babur ɗinsa. Ajinmu ɗaya a kwalejin safiyo, shekara huɗu, rukuninmu ɗaya. Ni na fita da daraja ta ɗaya, shi da ta uku, yanzu kai saƙonni yake yi wa shaguna. Tallan aikin ya ce mutum ɗaya ake nema, kuma mai babban sakamako, don haka bai ma nema ba.

"Farfesa, riƙe fayil ɗin nan da kyau," in ji shi muna hanya. "In iska ta kwashe A-A ɗin sakamakon nan naka, me za mu ci?"

Na yi dariya, har da buga masa kafaɗa. Ya ajiye ni a bakin kamfanin, ya ce zai jira ni a inuwar katanga.

Mu tara aka kira, waɗanda muka ci rubutacciyar jarrabawar kamfanin. Na zaci tambayoyi za a yi, kuma wallahi a shirye nake, ko cikin barci aka tashe ni zan karanto littafin nan. Sai injiniyar, wata dattijuwa mai tabarau da takalman aiki duk laka, ta fito da mu tsakar gida. Ga na'urar awon ƙasa a akwatinta, ga ƙafafunta uku a jingine.

"Kowa minti biyar," ta ce. "Ka kafa ta, ka zaunar da kumfar a tsakiya. Shi ke nan."



Bari in faɗa muku yadda muke yi a kwaleji. Na'ura ɗaya ce ga ɗalibai shida, kuma malami ba ya fita rana, rahoto kawai yake dubawa. Tun makon farko muka raba aiki. Bahago ke kafa na'ura, shi ke leƙawa yana kiran lambobi, ni ina zaune a inuwa ina rubutawa. Rahotona kuwa tsaf, har malamai na nuna wa 'yan baya. Nasa kamar kaza ta bi ta kai. Maki na rahoto ne, babu wanda ya taɓa tambayar wa ya taɓa ƙarfe. Shekara huɗu, ban kafa na'urar nan ko sau ɗaya ba.

Da aka zo kaina, na buɗe ƙafafun, na ɗora ta, na ɗaure. Kumfar nan, ɗan ɗigon iska ne a cikin gilashi, bai kai ƙwayar wake ba. Na murɗa sukurun dama, ta gudu hagu. Na murɗa na hagu, ta tsere sama. Kai! Kamar da gangan. Zufa ta jiƙa rigar da Umma ta goge min da hannunta da safe. A ka na san dokar, har shafin da take ciki na sani, amma yatsuna sun ce ba su san zancen ba. Minti biyar suka cika kumfa tana manne a gefe.

Bayan an gama da kowa, injiniyar ta kira ni ofis ni kaɗai. Takarduna na gabanta.

"Rubutacciyar jarrabawarka babu mai kama ƙafarta," ta ce. "Sauran ma ba wani abin kirki suka yi a waje ba. Amma hannunka bai san na'ura ba, kada ka ce min tsoro ne." Ta cire tabarau. "Na san yadda ake yi a makarantun nan. Kowane rukuni akwai mai kafawa, akwai mai rubutu. Wa ke kafa muku?"

Ta tagar da ke bayanta ina hango shi. Yana zaune a kan babur, hular kwano a gwiwa, yana korar ƙuda da hannun hagu.

"In ka san shi, faɗa min," ta ce. "Gurbi ɗaya ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma mai hannu nake so. Maganar daraja, ni zan ji da manaja."

Na tuna Umma, da yadda ta riga ta gaya wa maƙwabta na kusa samun aiki. Na tuna wata goma sha huɗu ina yawo da fayil.

"Ranki ya daɗe, karɓa-karɓa muke yi," na ce. "Na dai kwana biyu ban taɓa ba ne."

Ta mayar da tabarau, ta ja takardar gabanta ta sa hannu.

"To. Litinin, ƙarfe bakwai. Wata uku na gwaji."

Na fito. Bahago na ganina ya miƙe.

"Yaya? Yi magana mana, Farfesa!"

"Sun ɗauke ni."

Ihu ya yi, har mai gadi ya leƙo. Ya rungume ni, ya ɗaga ni sama, ni da fayil ɗin gaba ɗaya. Kunya ta rufe ni, ji na yi da ma ƙasa ta tsage in shige.

Muna hanya ya ɗan juyo da kai.

"Na hango ka ta ƙofa kana kokawa da kumfa. Haba, saura kaɗan in shigo! Ba sukuru ake fara taɓawa ba, ƙafafu ake fara takawa su nutse. Sannan sukuru biyu tare, kumfa yatsan hagu take bi."

Na ƙara ƙanƙame fayil ɗin.

"Kar ka damu," ya ce. "Akwai wani safiyo da nake kai wa saƙo, zai ara min tasa. Asabar da Lahadi zan ajiye babur, mu je fili. Kafin Litinin za ka iya, ba za su gane komai ba."

"Aikinka fa?"

"Wane aiki? Kai dai ka riƙe naka. Mu masu daraja ta uku wa zai tambaye mu?"

Na buɗe baki in gaya masa abin da injiniyar ta tambaye ni. Wallahi na buɗe. Sai ya taka burki a ƙofar gidanmu, Umma ta fito da sauri tana gyara mayafi, tana sa masa albarka don ya kai ɗanta.