Tabarau Mai Tsada

"Mama, ku dubi allon can. Wane harafi ne a sama?"

Tsohuwar ta gyara zama a kujerar awon ido, ta ɗaga haɓa. Likitan ya ɗora mata wani ƙarfe mai nauyi a karan hanci, yana zura gilasai a ciki yana cirewa.

"Ba," ta ce. "Maimaita."

Likitan ya waiwayi Auta, wadda ke tsaye a bakin ƙofa rungume da jakar uwarta. Auta ta yi masa alama da ido cewa ya daure.

"Ba," ya ce.

"Da ƙarfi mana! Ba ka karya ba ne?"

Likitan ya tuntsire da dariya, ya maimaita da ƙarfi. Da haka aka yi awon, tana karantawa yana amsawa, har suka kai layin da ya gagare ta.

Mama ta shafe ƙuruciyarta da tsufanta tana koyarwa a firamare. Yanzu ciwon mantuwa ya kwashe mata sunayen 'ya'yanta da hanyar banɗaki, amma bai taɓa haruffa ba. Auta kuwa ta haura hamsin, furfura ta fito mata, amma har yau Auta ake ce mata. Tun da aurenta ya mutu ta dawo gida, su biyu suka rage a cikinsa. Da safe takan kai Mama wajen maƙwabciya, ta tafi tashar jirgin ƙasa inda take sayar da tikiti, ta wuni tana miƙa hannu ta ƙaramar taga ga mutanen da ba sa duban fuskarta.

Tsohon tabarau ɗin Mama ya karye ne ranar da ta zauna a kansa. Tun daga nan ta daina leƙa taga, ta daina karanta kwalin shayi da ƙarfi kamar yadda ta saba. Sai ta zauna ta fuskanci bango. In za ta tashi, ta riƙa lalube da ƙafa kamar mai shiga ruwa. Shekaranjiya ta faɗi a dokin ƙofar ɗaki, goshinta ya kumbura. Shi ya sa Auta ta roƙi hutu a wurin aiki, ta kawo ta asibiti.

Shagon tabarau yana jikin ɗakin likitan. Mai shagon, wata mata mai saurin magana, ta duba abin da likita ya rubuta, ta ce idon Mama ya yi nisa, lambarta babba ce. Ta ɗauko samfuri biyu ta ajiye a kan tebur.

"Anti, ba zan ɓoye miki ba, wannan mai arhan ma yana aiki. Yawancin mutane shi suke saya. Sai dai da lamba irin ta Mama, gilashin zai yi kauri kamar gindin kwalba. Zai yi mata nauyi, kuma in ta dubi gefe za ta ga ƙasa ta lanƙwashe. Wannan kuma siriri ne, ba nauyi, firam ɗin ko an danne shi lanƙwasa yake yi ya dawo."

"Ko an zauna a kai?"

"To, ya danganta da mai zaman," in ji matar tana dariya.

Ta faɗi kuɗin. Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Mai tsadan zai lashe rabin albashinta, ga haya na tafe.

Ta zaunar da Mama a benci, ta fita baranda ta kira yayanta. Yana wani gari mai nisa da iyalinsa, kuma yakan aiko da abin da ya sawwaƙa in ya tuna. Da ya ɗauka, ta jiyo hayaniyar gidansa, ƙarar cokula, talabijin, wani yana kiran wani.

"Yaya, muna asibiti. An auna ta."

Ta yi masa bayani. Ya saurara, ya ja dogon numfashi.

"Auta, mu faɗa wa juna gaskiya. Ko ta gani, ta san me ta gani? Zuwan da na yi na ƙarshe, mai gyaran famfo ta ɗauke ni. Ki saya mata mai arhan kawai. Gobe ma tana iya jefa shi a tukunya."

"Faɗuwa take yi, Yaya."

"Na sani. Amma ke ma ki tausaya wa kanki. Kin ga ni watan nan hidima ta yi mini yawa." Ya sassauta murya. "Kina ƙoƙari, wallahi. Allah ya saka. Bari, ana kirana, zan neme ki anjima."

Ta san ba zai neme ta ba. Ba ta ji haushinsa ba ma. Abin da ya faɗa ita ma ta sha faɗa wa kanta. Ta tsaya riƙe da wayar tana tunanin wa kuma za ta kira. Ta bi sunayen da ke ciki har ƙasa, ba ta ga wanda za ta tambaya ba.

Da ta koma, mai shagon ta sa wa Mama samfurin mai arha don a ga zamansa a fuska. Ya zame zuwa ƙarshen hanci. Mama ta tura shi sama, ya sake zamewa. Sai ta cire shi a hankali, ta naɗe, ta miƙa wa matar da hannu biyu.

"Wani ya manta kayansa," ta ce.

Ta mayar da hannayenta kan cinya, ta ƙura wa bango ido. Auta ta dubi kumburin goshin, ta dubi jan shatin da abin ya bari a karan hancin. Wannan matar ce a da take hango yaro yana satar amsa daga ƙarshen aji.

"A yi mata mai kyan," Auta ta ce.

"Kin tabbata, Anti?"

"A yi."

Aka ce sai yamma za a gama yankan gilashin. Komawa gida da dawowa wahala ce ga Mama, don haka suka zauna a dogon benci na barandar asibitin. Auta ta saya musu biredi da ruwa, tana gutsura tana ba ta. Mutane suna wucewa bibbiyu, miji da mata, wa da ƙane, suna gardamar magani da kuɗin mota. Wata mata ta zauna kusa da su, Auta ta buɗe baki za ta yi mata sannu, sai aka kira matar ta tashi. Mama ta yi gyangyaɗi, kanta ya sauka a kafaɗar Auta. Kafaɗar ta ƙage, amma ba ta motsa ba. Rana ta ja daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. Wayar Auta ba ta yi ƙara ba.

Can da yamma mai shagon ta leƙo ta yafato su. Ta goge tabarau ɗin, ta maƙala wa Mama a kunnuwa, ta ɗan matse nan ta sassauta can.

Mama ta ƙifta ido. Ta dubi fanka, ta dubi ƙafafunta, ta buga ƙasa da takalmi kamar mai gwada ƙarfinta. Sai ta miƙe ba tare da ta dafa kowa ba, ta taka har gaban wani allo da ke jikin bango.

"A kula da tsabta," ta karanta, harafi bayan harafi. "Rubutun ya karkace. Wa ya rubuta?"

"Za mu hukunta shi, Malama," in ji mai shagon.

Auta ta yi dariya. Ta matsa kusa don ta gyara wa Mama mayafi. Mama ta juyo, idanunta suka sauka a kan fuskarta suka tsaya. An daɗe ba a dube ta haka ba. Tsohuwar ta bi goshinta da kallo, ta bi furfurar, ta bi ramin da ke ƙarƙashin idanunta.

"Baiwar Allah," Mama ta ce, "ke 'yar gidan wa ce?"

Mai shagon ta sunkuyar da kai, ta shiga jera kwalaye.

"Nan kusa nake," Auta ta ce.

"Kin rame. Dubi idonki, ba kya barci." Mama ta ɗaga hannu ta shafa kumatunta da bayan yatsu. "Babu mai kula da ke a gida ne?"

Auta ta so ta ce akwai.

"Babu, Mama."

"Ash! Wannan bai kyautu ba." Tsohuwar ta kama hannunta ta riƙe gam. "To ki riƙa zuwa wajena. Ina da yarinya, Auta, tana da kirki. Za ku saba."

"Zan riƙa zuwa."

"Kada ki ce za ki zo ki ƙi."

"Yau ma zan bi ki."

Mama ta gyaɗa kai, ta gamsu. Ta ja ta suka nufi ƙofa, ita ce a gaba, tana gaya mata ta kula da matakala.