Ƙwai Goma Sha Biyu na Kafinta

Duk layin babu wanda Kafinta bai nuna wa zakaransa ba. Wani jibgege ne ja, mai ƙafafu kamar na talotalo, idan ya yi cara har kwanon rufin shagon ke amsawa. Matsalar ɗaya ce, kajin Kafinta irin masu zuba ƙwai ne su tashi su bar shi, ba sa kwanci.

Da ya ji kazar Gwaggo ta fara kwanci, sai ya tsallaka titi da ƙwai goma sha biyu, kowanne ya yi masa alama da fensirin aikinsa. Gwaggo ƙawar marigayiya mahaifiyarsa ce, ita ta goya shi yana jariri. Ta karɓa, ta haɗa da nata guda uku ta sa wa kazar a akurki.

Kwana ashirin da ɗaya suka cika, 'yan tsaki uku suka fito, duka baƙaƙe irin na ɗan tsamurmurin zakaran Gwaggo. Kafinta ya ƙara jiran kwana biyu, shiru. Ga shi ya riga ya yi wa surukinsa da mai shagon kusa alkawarin tsaki bibbiyu. Ransa ya ɓaci, ya je ya tsaya a ƙofarta, mata na layin ɗiban ruwa a famfo suna ji.

"Gwaggo, in ƙwai kike so ki soya, ai sai ki tambaye ni. Naki sun ƙyanƙyashe, nawa sun yi ƙafa ke nan?"

Ta dube shi, ta saki labule.

Ya koma shago, bai gama goge katakon da ke gabansa ba sai ga ta da kwano. Ta ajiye a kan teburin aikinsa. "Ƙirga, ɗana," ta ce, ta juya.

Sha biyu cif, ga alamar fensirinsa a jikin kowanne.

Matarsa ta kai su bayan gida ta fasa ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye ya toshe hanci. Duk baragurbi ne, babu wanda ya ko fara jini.

"Malam, ai na so in faɗa maka," in ji ta. "Ni da nake wuni a tsakar gidan nan, rabon da in ga zakaran nan ya bi kaza tun kafin mu sauya ƙofar akurki. Ƙiba ta yi masa yawa. Daga ci sai cara, sai ya nemi inuwa."

"Me ya hana ki magana?"

"Wa ya isa ya taɓa maka shi?"

Kwana uku Kafinta yana zagayawa ta bayan layi don kada ya wuce famfo. Abinci ma a shago yake ci, ƙofa a rufe. Idan zakaran ya yi cara sai ya ji kamar tona masa asiri yake yi.

A rana ta huɗu ya yi sallama a gidan Gwaggo, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa. Kalmomin da ya shirya duk suka gudu.

"Gwaggo, na yi abin kunya."

"Ka yi," ta ce, tana watsa wa 'yan tsakinta tsaba. "A gaban mutane ka faɗa, amma a ɗaka ka zo ba da haƙuri."

Ya tashi ya fita wajen famfo. Ya ce wa matan ƙarya ya yi wa tsohuwa, ƙwansa ne ba su da kyau. Wata ta tambaya, "To ina babban zakaran?" Aka kwashe da dariya, shi kuwa idonsa na ƙasa.

Da ya koma ciki, Gwaggo ta riga ta ɗaure ƙafafun ɗan zakaranta da tsumma.

"Kai shi wajen kajinka ya yi mako biyu. Ka raba shi da ƙaton nan, kada ya danne min shi."