Leɓen da Nake Gwada Kunu da Shi

Sati uku ke nan da aka cire min haƙorin ƙarshe na can ƙuryar baki a wani asibiti a Kafanchan, amma har yau leɓena na ƙasa bai farka ba. Likitan ya ce kwana biyu allurar kashe zafin za ta sake ni. Da na koma, sai ya hau sosa ƙeya, wai an ɗan taɓa jijiya, wataƙila wata uku, wataƙila shida. Na tambaye shi, in shida ta wuce fa? Ya ce a kira na gaba.

A gida, ƙauyenmu Madakiya, ban faɗa wa kowa ba. Tsoro nake ji. Kullum da safe sai in tsikari leɓen da tsinke, shiru, kamar na tsikari doya.

Ranar Talata muna saurin zuwa gonar citta, na dama wa 'yata Ƙauna kunu. Watanta bakwai. Yadda uwata ta yi mana, haka nake yi mata: in ɗebo a cokali, in ɗora a leɓe in ji zafinsa, sannan in ba ta. Hannu ya saba, bai shawarci kai ba. Na ɗora cokalin, ban ji komai ba, na ce ya huce.

Ƙarar da yarinyar nan ta yi, ban taɓa jin irinta ba. Ta sandare, ta ƙi jan numfashi, idonta a kaina. Na rasa ma inda ruwa yake.

Surukata, Mama Lucia, ta shigo da gudu ta fizge ta, tana ɗiga mata ruwan sanyi a harshe. Sai ta juyo ta ƙura min ido.

"Milka, mene ya sami bakin ki? Ya tashi bororo fa, ba ki ji ba?"

Na taɓa wurin. Da yatsa na ji shi, tuɓus.

Harshen Ƙauna ya warke cikin kwana biyar, mun gode wa Ubangiji. Yanzu Mama ce ke gwada kunu, ita ce kuma ke ba ta. In na ɗauki cokali, sai yarinyar ta datse baki ta kau da kai.

Jiya na sunkuya na sumbace ta a goshi don ta yafe min. Sai da na buɗe ido na duba, sannan na san na taɓa ta.