Ƙwaya Arba'in da Biyu

Shekara bakwai Dakta ta yi tana sauya wa shinkafa ƙwayoyin halitta don ta ƙara mata furotin, sinadarin nan mai gina jiki. Ni ne mai awo a ɗakin gwajinta, a gabana ta fara furfura. Cikin tsiro ɗari uku, ɗaya tal ya karɓi gyaran, ya fid da 'yar zangarniya, sannan ya bushe. Da ɗan yatsa muka sussuke ta: ƙwaya arba'in da biyu.

Abin haushin aikinmu, ba a auna furotin sai an niƙa ƙwaya ta zama gari. Na niƙa sha huɗu. Da lamba ta fito a na'ura, Dakta ta zauna a kan kwandon shara ba ta sani ba. Furotin ɗin ya ninka na shinkafar da aka saba sau biyu!

Sai ga Daraktan cibiyarmu, wanda rabonsa da ɗakinmu tun ranar da aka buɗe shi. Hancinsa ba ya kuskuren ƙamshin yabo.

"Awo nawa kuka yi?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe," na ce.

"Ɗaya? Ƙa'ida ta ce uku. Ga manyan baƙi ranar Alhamis."

"Yallaɓai, a bar ni in shuka sauran," in ji Dakta. "Wata huɗu kacal, sai mu sami dubbai."

"Baƙin ne za su zauna wata huɗu suna jiran shinkafarki ta nuna?"

Ta roƙa har muryarta ta dushe. Ya tuna mata wanda ke sa hannu a takardar sabunta aikinta. Sannan ya tsaya a kaina yana ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, iyakar kimiyyar da na taɓa ganin ya yi ke nan. Wallahi na ji kunyar kaina. Amma ina da 'ya'ya huɗu, na danna maɓallin injin niƙa, na sake dannawa. Sha huɗu, sha huɗu, ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba.

Ranar Alhamis Darakta ya sha tafi. Ya ce ya kawo ƙarshen tamowa a duniya, da taimakon "wasu ma'aikata". Ana cikin haka wani tsohon manomi da aka gayyato don hoto ya ɗaga hannu, ya dubi Dakta.

"'Yata, ko cikin cokali ne a sam mini irin. Gonata a share take."

Dakta ta shiga ɗakin gwaji, ta fito da 'yar kwalba. Ta kama hannun tsohon, ta zazzage masa ragowar garin a tafi.

"Ga shi, Baba. Sau uku aka auna shi."